Kambin leshi na yara: me ke sa ya langaɓe, kuma yaya ake sa shi ya tsaya?

Tambayar ta fito ne daga wata malamar firamare a Tudun Wada da ke Zariya. Makarantarsu za ta yi bikin ƙarshen shekara a watan Yuli, kuma akwai wasan kwaikwayo da yara mata 12 za su fito a matsayin 'ya'yan sarki, wata guda kuma ta fito a Sarauniya Amina. Ta karɓo guntayen leshi wajen telarta, ta yanka, ta tsoma a sitacin rogo ta shanya. Da yamma kambin ya tsaya ƙyam, amma washegari da wata yarinya ta ɗora shi a ka na ɗan lokaci sai tsinayen suka kwanta. Tana so ta san inda matsalar take, da yadda za ta yi musu ado da surfani da duwatsu ba tare da sun yi nauyi ba.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Hannunki bai yi laifi ba. Abu biyu ne suka haɗu suka kayar miki da kambin: irin leshin da aka ba ki, da kuma sitaci a tsakiyar damina. Ko ni kika kawo wa wannan ƙyallen kika ce in sa masa sitaci a watan Yuli, abin da zai yi mini ke nan. Yawancin masu zuwa shagona da irin wannan buƙata da maganar dutse suke farawa, wanne za a jera, wane launi ya fi ƙyalli. Ni kuwa ba na yarda a taɓo dutse sai an gama da abin da zai riƙe dutsen, don haka ki yi haƙuri, ta can zan faro.

Kusan duk leshin da ke kasuwanninmu, na Sabon Gari ne ko na Tudun Wada ko wanda ake sarowa daga Kantin Kwari a Kano, surfanin inji ne. Wani mutumin Suwizalan mai suna Isaak Gröbli ne ya ƙera injin da ya buɗe wannan sana'a a 1863, kuma tun wajen shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya ke yi wa 'yan Najeriya leshi na musamman, kafin na Sin ya zo ya cika kasuwa. Abin da ya shafe ki a ciki shi ne, hanya biyu ake bi wajen yin sa. A ta farko ana surfanin a kan yadi ko raga, a bar yadin a wurin. Boyal ke nan, da leshin nan mai raga-raga da amare ke so. A ta biyu kuwa a kan wani yadi na wucin gadi ake yi, sannan a narkar da yadin, zare kaɗai ya rage yana riƙe da ɗan'uwansa. Shi ne 'yan kasuwa ke kira kod.

Ki ɗaga ƙyallenki sama ki duba ta haske. In kika ga fure nan, fure can, tsakaninsu siririyar raga, to wannan ba na kambi ba ne. Ragar ba ta da jikin da za ta sha wani abu ta yi tauri, furannin kuma kaya ne a kanta. Ina kyautata zaton irinsa aka ba ki, don guntunsa ne ya fi yawa a kwandon tela. Wanda kike nema shi ne mai kauri, wanda zanensa ya sarƙe da juna tun daga ƙasa har tsini.

Sai zaren kansa. Auduga tana shan ruwa, saboda haka duk abin da aka tsoma ta a ciki yana ratsa ta har ciki. Zaren roba, foliyesta ko nailan, a bayansa kawai abin yake zama. Mai shago zai iya rantse miki cewa auduga ce tsantsa. Kada ki tsaya musu da shi, ki ce ya zaro miki ɗan zare daga gefe. Ki riƙe da bakin almakashi ki kanga masa ashana. Auduga za ta kama nan take, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba kuwa tun kafin wutar ta taɓa shi ya fara nannaɗewa, sai ya narke ya bar ɗan baƙin ƙulli mai tauri da ba ya murjewa. In ya nuna hali biyun, gauraye ne, kuma gauraye yana aiki. Roba tsantsa ma ana iya shawo kansa, sai dai zai ci shafen gam uku ko huɗu inda auduga ke ƙoshi da biyu.

Tunda 12 kike so, kuma ana so su yi kama da juna, guntayen tela ba za su fisshe ki ba. Ki je wajen masu kayan ɗinki, masu zare da maɓalli da zif, ki tambayi leshin baki wanda ake aunawa yadi-yadi, mai faɗin inci 2 zuwa 3, gefe ɗaya miƙaƙƙe, ɗayan mai tsini ko mai tudu-tudu. Kowane kambi zai ci kamar inci 22 har da na kalmasa da asarar yanka. Sau 12 ya zama inci 264, wato yadi 7 da ɗan ɗori. Ki sayi 8, don yankan zane yake bi, ba tef ba. In kuwa leshin ɗinki kika samu mai baki a gefe biyu, yadi 4 ya isa, tsakiyar kuma ta tashi mayafin yaran. An ce araha ba ta ado, amma a wannan aiki leshin auduga marar ƙyalli, wanda mata ke wucewa ba su ko kalle shi ba, ya fi mai tsadar nan mai duwatsu tsayawa nesa ba kusa ba. Kina kawo shi gida ki wanke da ruwan ɗumi ki shanya kafin ki auna, don auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma gara ta tsuke yanzu da ta tsuke bayan kin yanka.

Awo kuma ki yi shi yadda yarinya za ta fito ranar bikin. 'Yan shekara 5 zuwa 10 kansu yakan faɗa tsakanin inci 20 da 21, santimita 51 zuwa 53 ke nan, amma wannan kai ne tsura. Shuku, ko kalaba mai kauri, ko hijabi mai hula a ciki, sai su ƙara inci guda ko fiye. Ni ba na rufe kambin yara ya zama zobe. Nakan bar kamar inci 2 a ƙeya in haɗa da roba, ko in sa ribon na ɗaurewa. Abin da za ki busar da shi a kai da'ira ne, kan mutum kuwa ya fi tsawo daga goshi zuwa ƙeya, don haka rufaffen kambi mai tauri sai ya matse goshi ya bar gefe sako-sako. Ban da haka ma, baɗi wasu yaran ne za su sa.

Yanzu ga sitaci. Shi da ruwan sukari da ƙaro duk halinsu ɗaya: ruwa ne ya narkar da su, kuma duk inda suka ji danshi sai su saki. Iskar Yuli da Agusta a Zariya cike take da laima, ga kuma zufar goshin yarinyar da ta sha guje-guje a filin makaranta. Da a watan Janairu kika yi, lokacin da hunturu ke fasa leɓe, da kambin sitacin nan ya kai ki har ƙarshen biki kina murna kin gano hanya. Sai an zo ajiya a ga sauran aibin, don kyankyaso yana cin sitaci, kiyashi yana bin sukari, ƙaro kuma in ya bushe sosai karyewa yake.

Abin da nake aiki da shi shi ne farin gam na kafintoci, irin su Top Bond. In ya bushe farin yana ɓacewa ya zama garau. Ba wai ruwa ba ya cin sa ba ne, in kika jiƙa shi a baho zai saki, amma laimar iska da ɗan gumi ba sa kayar da shi.

Ki zuba gam awo ɗaya, ruwa awo ɗaya, a roba mai faɗi, ki dama har gudajin su watse. Ki tsoma leshin ki riƙa danna shi da yatsu na minti biyu ko uku ya sha sosai. Ki tsamo ki matse a tafin hannu, matsa kawai, ban da murɗa, don murɗa tana karkatar da zane kuma ba ya komawa. Ki shimfiɗa a kan leda ki daddanna da tsohon ƙyalle mai laushi ya kwashe rarar. To a nan ne ake yawan yin sakaci. Gam yakan yi yana a cikin 'yan ramukan leshin, siririya ƙwarai, ba kya gani sai kin ɗaga shi ga haske. In aka bar ta ta bushe, kambin zai fito kamar an lulluɓe shi da leda, haske ba ya ratsawa, kuma kyan leshi ai a ramukansa yake. Ki ɗaga ki hura da ƙarfi, waɗanda suka ƙi fashewa ki bi su da tsinken sakace ɗaya bayan ɗaya. Yaran shagona wannan aikin suka fi ƙi, ni kuma shi nake fara dubawa.

Abin da za ki naɗa shi a kai: babban gwangwanin madarar gari, ko ƙaramin bokitin fenti, ko miƙaƙƙiyar tukunya. In faɗin bakin abin ya kai inci 6 da rabi, kewayensa zai ba ki inci 20 da ɗan kai. Ki lulluɓe shi da leda sumul, in ba haka ba gam zai kama ƙarfen, tsatsa kuma ta ɓata miki farin leshi. In kina da sanayya da masu wankin hula, ki ari gungumen itacen da suke ɗora hula a kai, ya fi duk waɗannan, don dama saboda kai aka sassaƙa shi, girma-girma ne, kuma yana karɓar fil. In kina so tsinayen su ɗan buɗe waje, ki sami bokiti mai buɗaɗɗen baki ki kife shi, ki zagaya da tef ki sa alama inda kewayen ya yi daidai da kai, ki ɗora miƙaƙƙen gefen a kan alamar, tsinayen su kalli ƙasa. Nauyinsu da kansa zai miƙar da su. Ki bi kowane tsini ki ja shi da yatsa ya yi daidai da maƙwabcinsa, don yadda kika bar shi haka zai bushe.

A damina ki ba shi kwana guda cur, a inuwa mai iska, ko ƙarƙashin fanka in an kawo wuta. In kika taɓa kika ji sanyi-sanyi, da sauran ruwa a ciki, kada ki yi gaggawar cirewa. Da hunturu sa'o'i kaɗan sun isa, sai dai ƙura tana manne wa ɗanyen gam, don haka a rufa masa tsohon gidan sauro. Shafe na biyu da buroshi ake yi, yana nan a kan gwangwaninsa, gam kashi biyu ruwa kashi ɗaya, a sake ba shi kwana. Wajen cirewa ledar za ki ja, ba kambin ba. Ki lura da lissafin kwanakin: kowanne kwana 2, in gwangwani ɗaya gare ki 12 ɗin za su ci miki kwana 24. Da gwangwani 4 kwana 6 ne.

Tsayi ma yana da iyaka. Har inci 3 gam kaɗai zai riƙe. Ya wuce 4, sai an sa masa ƙashi. Siririyar waya wadda ba ta tsatsa, irin ta masu haɗa sarƙar duwatsu, ki bi gefen tsinayen da ita ta ciki, ki ɗinke ta da zare tun kafin a tsoma. Bakin wayar ki lanƙwasa shi ya zama ɗan zobe, ya ƙare a ƙasa inda ribon ɗin da za ki ɗinka ta ciki zai rufe shi. Kada ki bar tsinin waya a saman kambin da yara za su yi ture-ture da shi. A ganina ma 'yan firamare ba sa buƙatar dogon kambi. Gajere ya fi zama a ka, kuma ya fi dacewa da ƙaramar fuska.

Mu zo ga ado. Jeren aikin shi ne: surfani da ɗinkin waya a yi su kafin gam, duwatsu kuwa sai bayan ya bushe, don gam yana dusashe musu ido. Sannan tun farko ki zaɓi ɗaya, ko fenti ko surfani mai launi. Ba a ɓata dare ana surfani sannan a zo a shafe shi da fenti.

In ruwan gwal kike so, fenti mai haɗin ruwa na masu zane, wato akirilik, shi ya fi sauƙi. Masu sayar wa ɗaliban zane-zane na jami'ar ABU kaya a Samaru suna da shi. Da guntun soso za ki riƙa ɗiɗɗigawa, don buroshi yana cike ramuka. Gwal a kan fari fat yakan yi dabbare-dabbare, saboda haka ki fara da leshi mai ruwan madara ko rawaya, ko ki jiƙa na audugar a ruwan shayi mai kauri ya bushe kafin gam. Na feshi ya fi sauri, amma a tsakar gida ake yin sa, daga nesan inci 10 zuwa 12, sama-sama sau biyu, ta waje kawai, a bar shi kwanaki warin ya fita kafin ya hau kan yarinya.

Amma in shawarata za ki bi, ki bar fentin. A Zariya muke, inda surfanin hannu yake gida. Babbar rigar da ake ɗinkawa a cikin Birni, aska biyu, aska takwas, da tambarinta da daginta, tana da duk zanen da kambi ke buƙata. Ki dubi askar nan, dogon tsinin da ke gangarowa daga wuyan riga. Ki juya ta ta kalli sama, kin sami tsinin kambi, kuma duk uban da ke zaune a wurin bikin idonsa ya san ta. Ki zana a takarda tukuna: aska 5 a gaba, ta tsakiya ta fi tsawo, na gefe suna raguwa. Ki ɗaura leshin a kan takardar da manyan ɗinki na wucin gadi don kada ya motsa, sannan ki ɗauko igiyar ado mai ruwan gwal, siririya, ki kwantar da ita a kan layin zanen, ki bi ta da siririn zare mai launinta kina ɗaure ta da leshin kowane kwatan inci. Ita igiyar ba ta ratsa leshin ko sau ɗaya, a sama take kwance. Dalili shi ne zaren ƙyalli wani siririn abu ne aka naɗe a kan zare, in ana ta jan sa ta cikin rami sai naɗin ya saɓule ya yi gashi-gashi. A wajen kwana, a can kan tsini, ki sa ɗauri biyu kusa da juna, ɗaya kafin lanƙwasa ɗaya bayanta, shi ke sa tsinin ya fito da kaifi maimakon ya yi dungu. Hannunki ya zama sako-sako. In kika ja zare da ƙarfi leshi zai tattare, kuma gam ba ya gyara tattara, tabbatar da ita yake.

A tsakiyar goshi ki yi tambari: ki nannaɗe igiyar daga ciki zuwa waje kina ɗaurewa, har ya kai faɗin murfin kwalba. Dagi ya fi wuya a kan leshi saboda saƙar layukansa, don haka a yi shi daban a ɗan ƙyalle mai ƙwari, a yanko a ɗora. A gindin kambin, layi ɗaya na ɗinkin sarƙa da zaren siliki ja ko kore ya wadatar. In aikin ya fi ƙarfin lokacinki, ki yi guda ɗaya na gwaji ki kai cikin Birni. Da can surfanin riga na maza ne, amma da yawansu suka koma keke, mata a cikin gidaje suka karɓi na hannu, kuma wadda ta saba da gaban riga wannan ba komai ba ne a wurinta. Bayan an tsoma a gam, ki goge igiyar gwal ɗin da ɗanyen ƙyalle nan take, shafe na biyu kuma ki kauce mata, don ƙyallinta ya tsira.

Akwai hanya ta uku, in kina da mai keken surfani na kwamfuta: a saƙa leshin kansa daga farko. Irin dabarar kod ce a ƙaramin mataki. Ana ɗaura wani shafi mai narkewa a ruwa, ninki biyu, a ja shi tam a cikin zoben keke, a yi surfanin a kansa, sannan a tsoma a ruwan ɗumi shafin ya narke. Sharuɗɗansa ne sai an kiyaye. Zanen dole ya zama wanda aka tsara don ya tsaya da kansa, mai shimfiɗar zare a ƙasa da ke ɗaure kowane sashe da na kusa da shi. In mai keken ya ɗauko zanen wuyan kaftani ya buga miki, zai yi kyau a cikin zobe, amma ana tsomawa a ruwa zai warware ya zama tarin zare. Zaren ƙasa ya zama irin na sama, launi ɗaya, don kambi ana ganin cikinsa. In zaren ƙyalli ne a rage gudun keke a sa allura mai babban ido. Ƙananan kekuna zobensu bai kai tsawon kambi ba, saboda haka gunduwa-gunduwa ake yi, uku ko huɗu, a haɗa da zigzag. Wasu sukan ɗauraye shi sama-sama su bar ragowar shafin ya zame masa tauri, amma shi ma da zufa ta taɓa shi sai ya yi danƙo; ki wanke tas ki bi hanyar gam. Shafin da ya rage a ɗaure shi cikin leda, don hunturu na sa shi karyewa, damina na sa shi mannewa. In kuwa keken zigzag na 20U ne kawai a kusa, a yi surfanin a kan siririn yadin nan na oganza ninki biyu, a cika gefen da zigzag mai matsi, a yanke rarar da ƙaramin almakashi.

Duwatsu kaɗan ake sawa. Iyayen da ke zaune a can baya ƙarƙashin rumfa ba za su ga ƙananan duwatsu ɗari ba, manya uku za su gani. Babba ɗaya a cikin tambarin, biyu a gefe, sai jeren lu'ulu'un roba a gindi in kina so. Duk mai nauyi ya zauna ƙasa kusa da goshi, a kan tsini kuwa sai marar nauyi, ƙyalƙyali ɗaya ko ƙaramin dutse. Ki sayi masu huda, ki ɗinke su ta ramukan leshin da zare ninki biyu ko siririn zaren kamun kifi, kina ƙullewa bayan kowane uku ko huɗu, don in ya tsinke kaɗan ne za su zube. Gam ɗin bindiga yana da sauri, amma a kan busasshen gam mai santsi ɓamɓarewa yake, ga zare-zaren da yake bari. Sufa gulu kuwa kada ki kusantar da shi: in ya haɗu da auduga zafi yake yi har ya yi hayaƙi, kuma yana bar wa dutse farin hazo. Garin ƙyalli da ake barbaɗawa ido yake shiga. In dole ne, a dama shi cikin gam na shafen ƙarshe. In akwai 'yan ƙasa da shekara 3 a cikin masu sawa, nasu ba dutse ko ɗaya, surfani kawai, don komai suka tsinta baki suke kaiwa.

Ta ciki ki ɗinka shafi, ribon na karammiski mai faɗin inci guda. Busasshen gam yana da kaushi, yarinya za ta yi ta sosa goshi har ta cire. Karammiski yana tare zufa, yana rufe wayar da ƙulle-ƙullen zare, kuma yana kama hijabi, wanda santsinsa kan sa kambi ya zame. Ki ƙara 'yan madauki biyu na zare a gefe da gefe. Mai hijabi a maƙala da fil mai kulle, ban da mai tsini. Mai kitso a sa fil ɗin gashi ta cikin madaukin.

Saura Sarauniya Amina, kuma a nan zan ɗan ja ki. Kada ki ɗora mata kambi. Kambi mai tsinaye na sarakunan Turai ne. 'Ya'yan sarkin wasa su sa ba laifi, wasa ne. Amma Amina 'yar Bakwa mutuniyar tarihi ce, kuma a garinta za ku yi wasan. Akasarin masana a ƙarni na 16 suke sanya zamaninta, ba wanda ya zana ta tana raye, hotunan da ke yawo duk masu zanen zamani ne suka ƙaga su. Sarautar ƙasar Hausa rawani ce da alkyabba, wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau ya ga haka da idonsa. Ita kuma da yaƙi da ganuwa aka san ta. Ki naɗa mata baƙin rini ko saƙi a ka, ki yi mata faffaɗan maɗauri na saƙi mai dagi a goshi, ki sa masa ƙyallen nan mai tauri da teloli ke manna wa kwalar riga da guga don ya tsaya. Ko ki kwaikwayi kwalkwalin 'yan lifida da kwali, ki lulluɓe da jan ƙyalle ki soka gashin tsuntsu a sama. Murjani a wuya, layun wasa a damtse, takobin kwali a rataye da hamila. A tsakiyar yara 12 masu farin leshi, ita ce za a fara gani.

Bayan biki, kowanne ki cusa masa takarda a ciki ki jera a kwali mai murfi. Kada ki ƙulle su a leda da damina, fumfuna za su yi, kada kuma ki ɗora kwalin kusa da kwanon rufi ko ki bar shi a mota cikin rana, don zafi yana sassauta gam. Wanda ya lotsa, ki kanga shi a tiririn buta na 'yan daƙiƙu, ki mayar kan gwangwaninsa ki gyara da yatsa, in ya huce zai koma yadda yake. Ranar wasan kada ki raba musu sai an kusa kiran su fili. Yadi 8 ɗin nan in kin yi tattalin yanka zai fitar da na 13. Ki yi shi ki riƙe a jakarki, don a cikin yara ba a rasa wadda za ta zauna a kan nata.